Mijina ya fi kowa sanin ciwona, amma yanzu tsoron juna muke ji

Gwaggo Luba, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni. Ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da kin ga ta yi tsawo, ko kin ga ina ɗauko wannan in ajiye in ɗauko wancan. Haka kaina yake yanzu. Sau huɗu ina rubuta ta a waya ina gogewa. Ba ni da wanda zan zauna da shi in faɗa wa. 'Yan gidanmu sun riga sun yanke nasu hukuncin, ƙawayena kuwa tun abin da ya same ni suke yi min magana a hankali kamar wadda aka kwantar a gadon asibiti. Ke ba ki san fuskata ba, shi ya sa na zaɓe ki.

Ni haifaffiyar Mandawari ce, shekarata talatin da uku, sana'ata ɗinkin hula. A aurena na fari na haifi yara biyu, Umair da Nana Hauwa. Muna zaune a wani tsohon gidan ƙasa, gidan gadon su mahaifin yaran, ba mu da yawa amma muna da rufin asiri.

Shekara shida ke nan, cikin watan Agusta, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu da la'asar ya ɗan tsagaita. Gawayinmu duk ya jiƙe, yara ba su sa komai a ciki ba tun kokon safe, na ce bari in leƙa maƙwabta in samo busasshe. Suka ce za su bi ni, ni kuwa na san ba ni za su bi ba, lambatun ƙofar gida suke so, ga shi ya cika ya batse, kuma a daminar da ta gabata ruwa ya taɓa tafiya da wani yaro a unguwarmu. Sai na tura su ɗaki, na ja ƙofa, na sa sakata ta waje. Gwaggo, wallahi ban yi minti goma ba. Ina tsaye ana zuba min gawayi a leda na ji ƙara kamar tifa ta juye dutse. Katangar gidan bayanmu ce, wadda aka yi shekaru ba a yaɓe ba, ta faɗo a kan ɗakin.

Umair ɗan fari ne. Kin san al'adarmu, ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce kai, ko yaron nan. Ranar ce na fara kiran sunansa, ina tonon ƙasa da hannuna ina ƙwala masa kira har muryata ta dushe. Shekararsa bakwai, ƙanwarsa huɗu. Waɗanda suka tono su sun so su ɓoye min, amma a zaman makoki na tsinta a bakin mata cewa a bakin ƙofa aka same su, su biyun.

Mahaifinsu bai zage ni ba, bai ɗaga min hannu ba. A gaban jama'a ya ce ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Amma daga ranar bai ƙara kallon fuskata ba. Bayan wata biyar ya kira yayana, Yaya Ɗalha, ya ba shi takardata, ya ce a ba ni haƙuri, shi dai ba zai iya ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ana iya sakin kai da na saki kaina.

Na koma gida wajen Ummanmu. Kusan shekara biyu ban san inda kaina yake ba. An yi min rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Da hadari ya haɗu sai in fice tsakar gida, ba na iya zama ƙarƙashin rufi ana ruwa ko da ɗaure ni za a yi. A ƙarshe wata malamar Islamiyya da take zuwa wajen Umma ta ce a kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a ga likita. Kin san yadda sunan wurin nan yake a bakin Kanawa, da ƙyar Yaya Ɗalha ya yarda. Amma gaskiya na samu sauƙi. Aka ɗora ni a kan magani, duk wata ina komawa.

A can na haɗu da mijina na yanzu. Bari in kira shi Isyaku, tunda ba sunansa ba ne, bakina zai iya faɗa. Na daɗe ina ganinsa a layin ganin likita, dogo ne siriri, kullum sai ya nemi inda zai jingina bayansa da bango kafin ya zauna, in bai samu ba ya gwammace ya tsaya. Wata rana muna kan benci a baranda ruwa ya sauko. Ban san lokacin da na fita fili ba, na tsaya hijabina yana ɗiga, mutane suna nuna ni. Sai na ga wani ya fito shi ma, ya tsaya can nesa da ni, yana jiƙewa har ruwan ya ɗauke. Da zan wuce ina jin kunya na fara neman abin da zan ce, sai ya ce ba sai na yi bayani ba, shi ma akwai abin da ba ya iya yi. Gwaggo, tun rasuwar yarana babu wanda ya taɓa ce min ba sai na yi bayani ba.

Nasa labarin sai da na yi shekara guda kafin in gama jin sa, gutsure-gutsure yake ba ni, wata-wata. A da fataucin takalman fata yake yi, yana kaiwa kudu. A wata tafiya ya matsa wa ƙanensa Mikail, wanda bai daɗe da gama makaranta ba, ya raka shi don ya koyi hanya. 'Yan bindiga a kan babura suka tare motarsu, suka kora su daji. Wata uku da rabi ya yi a hannun mutanen nan. Mikail zazzaɓi ya kama shi, ranar da za su sauya wuri ya kasa tafiya, suka harbe shi a gaban yayansa, suka sa Isyaku ya ci gaba da tafiya da bakin bindiga a ƙeyarsa. Ko ƙasa bai samu ya zuba masa ba. Da ya dawo mahaifiyarsu ba ta taɓa ce masa don me ba, amma ba ta cika shekara ba ta rasu. Ya bar fatauci, ya koma wankin hula a Yakasai, a rumfar wani abokin mahaifinsa.

Da muka shaƙu sai ya fara zuwa zance zaurenmu bayan la'asar, a ƙafa yake tahowa daga Yakasai don ba ya hawa babur. Ya kan riƙo min gurasa ko ɗan alkaki. Ni ina ɗinka hula shi yana wankewa, sai mu yi ta musu a kan wane zare ne yake zuba da wanda ba ya zuba. Ranar da na fara yin dariya a zauren nan, Umma tana jiyo ni daga ciki, da na shiga na tarar tana kuka.

Maganar aure ta taso, mutane suka samu abin faɗa. Har a gidan biki na ji ana cewa auren 'yan Dawanau za a yi. Yaya Ɗalha ya ce shi bai ƙi mutumin ba, amma in duka biyun suka faɗi rana guda wa zai ɗaga wani? Umma ce ta tsaya min, shi kuma ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Sa'ida, ta tsaya masa. Aka ɗaura bayan babbar sallar bara, ba taro ba kiɗa. Ya yi wata biyu yana yawon neman ɗakin haya na bulo, ya ce ba zai sa ni a ginin ƙasa ba. Ranar da aka kai ni na lura ƙofar ɗakin akwai ramukan ƙusa ta waje. Ashe sakata ce a wurin, ya cire ta da hannunsa kafin in zo, kuma bai taɓa gaya min ba.

Watannin farko ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na yi ƙiba, na fara kitso da lalle. Ya ce ni ce maganinsa, ya daina zuwa asibiti, ya ce me zai je nema. Ni kuwa maimakon in hana shi sai na ji daɗi, na ji ashe ni ma ina da amfani a duniya. Ina ganin abubuwa amma ina kawar da kai. In babur ya shigo lungunmu da gudu sai jikinsa ya sandare, cokali ya tsaya a hannunsa. Ba ya cin farar shinkafa, ko ganinta ba ya so, don ita aka riƙa ba su a daji. Wani lokaci ya yi kwana biyu bai haɗa kalma goma ba. Na ce a raina a hankali zai wuce.

Da damina ta faɗi nawa ciwon ya dawo. Ginin bulon bai hana komai ba. Da an fara yayyafi ina tsakar gida, gidan haya ne, matan gida suna leƙe ta labule. Da farko yana fitowa ya tsaya tare da ni kamar ranar nan. Sau biyu, sau uku, sau goma. Ran nan ya dawo daga rumfa a gajiye, ruwa ya ɓata masa hulunan mutane da ya shanya, ya tarar da ni a jiƙe, girki ya ƙone a kan wuta. Ya ce wai har yaushe za a yi ta wannan, yaran nan fa sun riga sun tafi. Gwaggo, a nan ne na yi abin da har gobe ba zan yafe wa kaina ba. Na ce masa ni aƙalla na ga kabarin nawa, ban bar ɗan'uwana a daji na taho ba. Sirrin da ya ba ni a benci, wanda ko Inna Sa'ida ba ta san shi duka ba, shi na ɗauko na soke shi da shi.

Kwana uku yana shiga yana fita, yana ajiye cefane, ba ya kallona. Rana ta huɗu da hantsi yana zaune a ƙofar ɗaki yana gugar wasu huluna da ya taho da su gida, ya ba ni baya, abin da ba ya taɓa yi. Na ce bari in ba shi haƙuri. Na taho ba takalmi, na ɗora hannuna a wuyansa ta baya, daidai lokacin wani babur ya keto lungu. Abin da na sani kawai na ji gwiwar hannunsa a bakina, sai ga ni a jikin bango, hannayensa biyu a maƙogwarona. Na kalli idonsa, wallahi Gwaggo ba ni yake gani ba. Maƙwabciyarmu Husaina ce ta fito tana salati tana kiran sunansa, sannan ya sake ni. Leɓena ya fashe, haƙorina ɗaya ya gutsure. Ya tsaya yana kallon hannayensa, sai ya fita ko takalmi bai sa ba.

Yau sati bakwai. Yaya Ɗalha da ya ga shatin yatsu a wuyana ya kwaso ni ya dawo da ni Mandawari, ya rantse ba zan koma ba, ya ce gara a ce ƙanwarsa ta yi aure biyu ta fito da a kira shi ɗaukar gawa. Isyaku a rumfa yake kwana. Duk Juma'a Inna Sa'ida tana kawo min saƙon cefane daga wajensa. Ta bakinta ya aiko cewa bai sake ni ba, kuma ba ya son ya sake ni, amma bai yarda da hannunsa ba, in na ce takarda nake so zai rubuta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina da ciki, ya kai wata uku. Da na gane sai na daina shan maganina don tsoron kada ya taɓa abin da ke cikin. Barci ya ƙaurace min. Kuma Gwaggo, Allah ya yafe min, ban yi murna ba ko ta minti ɗaya. Ni da na kulle biyu da hannuna, wa zai ba ni amanar na uku? Uban kuma ga halin da yake ciki. In yaro ya rarrafo ya taɓa shi ta baya fa?

Satin da ya wuce na ce wa Umma zan je sayen zare, na bi ta Yakasai. Na hango shi a rumfa, ya rame, rigarsa kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Zuciyata ta tafi wajensa, amma tsoro ya hana ni ƙarasawa. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe tsaye, sai na ga ya mayar da hannayensa biyu baya ya riƙe. Bai matso ba, ni ma ban tsaya ba. Na yi kuka tun daga nan har gida.

Ina son sa, shi kaɗai ne ya san ni. Kuma ina jin tsoronsa, shi ma tsoron kansa yake ji a kaina. In gaya masa maganar cikin? In koma? In karɓi takardar in huta, shi ma ya huta? Ko dai irinmu ba a yi mu don zama da kowa ba, mu ne muka yi shisshigi? Wani lokaci in na kwanta sai in ji da ma kada in farka. Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Taki,
Mai ɗinkin hula, Mandawari.

Amsar Gwaggo Luba

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye ta na ɗan zagaya, sannan na dawo. Kin ce in faɗa miki gaskiya, to zan faɗa, amma bari in fara da abin da ba zai jira ba, don maganar aure tana iya kwana, wannan ba ta iya kwana.

Gobe da safe ki koma wajen likitanki. Ki gaya masa kina da ciki, ki gaya masa ranar da kika daina shan magani, ki gaya masa ba kya barci, kuma ki maimaita masa maganar nan da kika rufe wasiƙarki da ita, ta rashin son farkawa, kamar yadda kika rubuta min ita. Kada ki koma shan maganin da kanki, kada kuma ki ci gaba da zama haka. Su suka san wanda ya dace da mai ciki da wanda za a sauya. Daga nan ki fara zuwa awo. Kuma yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki gaya wa Umma. Matar da ta yi kuka don ta ji dariyarki ba za ta kasa ɗaukar wannan ba. Kayan da kike ɗauke da shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Komawa kuwa, a'a, ba yanzu ba. Yayanki harshensa da kaifi, amma a nan yana da gaskiya. Hannu a maƙogwaro ba mari ba ne, tsakaninsa da mutuwa ɗan taƙi ne, kuma da Husaina ba ta gida ranar ban san wa zai rubuto min ba. Ban ɗauki mijinki mugu ba, ko kusa. Mutumin da ya bar ɗakinsa ya koma kwana a rumfa don kada ya ƙara cutar da ke, ya kuma miƙa miki zaɓi, ya nuna miki so fiye da masu daɗin baki da yawa. Amma wuta ba ta da niyya, kuma tana ƙuna. Shi da kansa ya ce bai yarda da hannunsa ba. Ki gaskata shi.

Maganar da kika yaɓa masa a kan ƙanensa ba ta da kyau, kin sani, ba sai na ƙara miki gishiri ba. Shi ma tasa da ya fara faɗa ba ta da kyau. Ki nemi yafiyarsa, haƙƙinsa ne. Sai dai kada ki haɗa biyun ki ce bakinki ne ya jawo hannunsa. Abin da ya tashi a jikinsa ranar nan tun daga daji ya taho da shi, kuma da bai tashi ranar ba da ya tashi wata rana, tunda ya bar magani.

A nan ne kuka yi kuskure ku biyun, kuma kuskure ne mai daɗin yi. Ya ce ke ce maganinsa, kika karɓa. Mutum yana iya zama abokin jinyar mutum, ya riƙe masa hannu, ya raka shi layi, amma ba ya zama ƙwayar da zai haɗiya. Kun ɗora wa aurenku aikin likita, ga shi ɗanyen aure, ya kasa ɗauka.

Maganar ciki ki gaya masa. Ɗansa ne, ba ki da ikon ɓoye masa, kuma ciki ba ya ɓoyuwa, gara ya ji daga gare ki da ya tsinta a bakin unguwa. Ki sa Inna Sa'ida ta taho da shi zaurenku da rana, Umma tana kusa. Kada ki mayar da cikin igiyar da za ki jawo shi da ita, kada kuma ki sa rai zai yi tsalle. Mai yiwuwa tsoronsa ya ƙaru, kamar yadda naki ya ƙaru. A wannan zaman ne za ki ba shi haƙuri, ki kuma gaya masa abu ɗaya da kike nema a wurinsa, ya koma wajen likita ya zauna a kan magani, ba don ki dawo ba, don kansa da abin da za a haifa.

Takarda kada ki nema yanzu, kada kuma ki bari a nema miki. Ki roƙi Umma ta samu wani babba da Ɗalha yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarku, ya ce masa ya sassauta. Ko yau aka sake ki, iddarki sai kin haihu, to gaggawar me ake yi? Ki zauna a gidanku da igiyarki, shi yana can, ku ba wa abin watanni. In ya riƙe magani, in likitan da yake ganinsa ya zauna da ku biyun ya ce ga yadda za a yi, sai a fara tunanin mataki na gaba, a hankali, kuma ba ku kaɗai a gida ba. In ya ƙi komawa asibiti, to ya ba ki amsa, ki karɓi takardarki ba tare da kin ƙi shi ba.

Yanzu ga ɗacin da kika nema. Shekarata goma sha ɗaya ina amsa wasiƙu a wannan fili, kuma ba zan ce miki na ga irin naku da yawa sun koma sun zauna lafiya ba. Akwai ciwon da ake warkewa, akwai wanda sai dai a koyi zama da shi har a koma ga Allah. Mai yiwuwa ne ya yi duk abin da aka ce, ke ma ki yi, amma tsoro ya ƙi sakinki in ya matso, ko shi ya kasa sakin jiki da ke. In haka ta faru babu wanda ya ci amanar wani. Mai yiwuwa iyakar abin da zai rage muku shi ne uba da yake zuwa zaure ya ɗauki ɗansa, ku gaisa da mutunci, ya tafi. Na san wannan kaɗan ne a kan abin da kika sa rai. Ba ni da abin da ya fi shi da zan yi miki alkawari.

Kin tambaye ni ko irinku ba a yi ku don zama da kowa ba. Ban yarda kun yi shisshigi ba. Abin da ya shiga tsakaninku gaskiya ne, watannin nan da kika yi kitso da lalle ba ƙarya ba ne, kuma ko auren bai ɗore ba babu mai ƙwace miki su. Sai dai so daban, iya zama daban, kuma ba kullum Allah yake haɗa wa bawa biyun ba.

Game da yaranki, na san mutum ɗari sun ce miki ba ke kika kashe su ba, bai shiga ba, nawa ma ba lallai ya shiga ba. Zan dai faɗa sau ɗaya. Uwa ce ta ga ruwa ta ɓoye 'ya'yanta, abin da kowace uwa a unguwar nan za ta yi ke nan ranar. Rashin murnar da kike ji da wannan cikin ba zunubi ba ne, tsoro ne, kuma ki faɗa wa likita shi ma. Wanda ke tafe ba ya zo maye gurbin kowa ba ne, ba kuma ya zo yi miki jarrabawa ba. Ranar da ya iso, in hannunki ya gaza, ga hannun Umma, ga na Inna Sa'ida. Ba ke kaɗai za ki riƙe shi ba.

Ki ci abinci ko ba kya so. Ki riƙe sallarki, in addu'a ta ƙi fitowa ki zauna a kan dardumar haka nan, Wanda kike gabansa ya san abin da ke ciki. Duk ranar da tunanin nan na rashin farkawa ya yi miki nauyi, kada ki zauna ke kaɗai, ki tashi Umma ku tafi asibiti a lokacin.

Allah ya jiƙan Umair da Nana Hauwa da Mikail. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba mijinki sauƙi, ya zaɓa muku abin da za ku iya ɗauka, ko tare ko a rabe.

Gwaggonki,
Luba.